Alkamar da Ta Zo da Warin Kifi

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Kawu da Auta, da gwiwar nan taki da ba ta jin magani. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙurar fulawa da ke mayar da ni tsoho kullum da yamma. In kin gan ni na fito daga injin niƙan nan sai ki durƙusa ki gaishe ni, don furfura har gashin ido.

Direba ya kawo min saƙonki, ƙullin jar alkamar Kaka. Na gode. Amma Gwaggo, in ban faɗa ba cikina zai kumbura. Kin san yadda na cika wa mutanen wurin nan kunne da alkamarmu? Na ce musu duk abin da suke niƙawa yashi ne in an gwada da tamu. Na ce iri ne da Kaka ta riƙe tun tana amarya, ba a sayar da shi a kowace kasuwa, kuma bayan ambaliyar bara buhu ɗaya ya rage mana a duniya. Na tara su lokacin hutun rana, har da masu dako, na kwance ƙullin a gabansu ina ƙasaita. Sai wari ya tashi. Warin ruɓaɓɓen kifi, Gwaggo! Wani ya toshe hanci ya ce, "Barkono, a gona kuke noma ta ko a cikin kogi?" Wani ya ce a kira kyanwar sito ta zo ta yi mana shaida. Tun daga ranar sunana ya koma Mai Alkamar Ruwa.

Ni ban raina sana'arki ba. Da kifin nan kika raine ni, a kan takardun da kike naɗe shi na koyi haɗa baƙi, ba wanda ya zaunar da ni a aji. Amma buhun kifi daban, buhun iri daban. In a cikin buhun banda kika zuba irin Kaka, to kin ci amanarta, kuma kin kunyata ni a bainar jama'a. Ki raba su tun kafin shuka.

Ki gaida Kawu. Ki ce wa Auta ta daina aron littattafaina tana jiƙa su da mai.

Ɗanki,
Barkono

Zuwa ga Barkono,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa ta gode da tambaya, ita kaɗai ce ta samu kalma mai daɗi a takardarka.

Yaro, ni za ka koya wa ajiyar iri? Tun kana yawo ba wando nake ɗaure buhun nan. Sabon buhu na saya, na ɗora shi a kan katako a ɗakin Kawunka, inda ko ƙayar kifi ba ta taɓa shiga ba. Da takardarka ta zo na shiga na cusa hancina a ciki har wuya, ban ji komai ba. Kawunka ya shinshina, bai ji komai ba. Auta ta ce ita ma haka. Mu uku ba mu da hanci, sai kai da ka je birni aka sauya maka sabo?

Wai na ci amanar uwata. Ni! Da wayata ba ta faɗa cikin bahon gishiri ba, da ka ji muryata har sai kunnenka ya yi zafi. Ka gode wa Allah da ya sa ta mutu.

Kifin da kake jin kunyarsa shi ya ɗinka maka wandon da ka tafi da shi. In abokanka na dariya, ka tambaye su me iyayensu ke sayarwa, turare?

Ka saurara da kyau. Daga yau ba na buɗe takardarka sai na gama shuka. Ba ni da lokacin ɓacin rai, ga kifi a wuta, ga gona na jira. Duk wadda ka aiko zan mayar maka da ita yadda ta zo. Ka ci abinci, ka rufe ƙirjinka da safe, ƙurar nan ba ta da kyau ga mai tari.

Gwaggonka mai warin kifi

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Don Allah ki karanta wannan har ƙarshe, in kin gama sai ki zage ni.

KADA KI SHUKA IRIN NAN.

Akwai wata mata a wurinmu da ke duba duk hatsin da aka kawo kafin a sauke. Masu motoci na kiranta Ƙi-Karɓa, don ta fi son mayar da kaya a kan cin abinci. Ta ji ana min tsiya, ta ce in kawo mata ƙullin ta gani. Ta baza shi a faranti, ta tsinci wata ƙwaya gajera mai ƙiba, launinta ya dushe, ta matse ta da farce. Gwaggo, ba farin gari a ciki. Baƙin gari ne ya fito kamar dakakken gawayi, kuma warin nan ya buge mu har ta kau da kai. Ta ce, "Ga kifinka nan."

Ciwon alkama ne, ɗan'uwan ɓurtuntunar da ke kama dawa, dangin fumfuna. Ta ba ni wani ɗan littafi na cinye shi a zaune. In aka sussuka alkama, ƙwayoyin nan na fashewa, baƙin garin ya manne a jikin masu lafiya. Ka shuka su, ciwon ya tsiro tare da su, ya hau cikin kara shiru, ganye kore shar, ba ka sanin komai sai zangarniya ta cika da toka. Kaɗan a bana, mai yawa a baɗi. In ta yi yawa ba injin da zai karɓa, kuma injin sussukar da kuke haya zai kwashe ta ya raba wa duk maƙwabta.

Ba buhunki ba ne. Kin ji, na faɗa. Ku dakata, a nemo maganin da ake cuɗa iri da shi kafin a zuba a ƙasa. Buhu ɗaya ne ya rage mana, ba mu da na biyu.

Ɗanki,
Barkono

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya, ni dai ba lafiya ba, ina tafasa.

Kin san abin da uwarki ta yi? Direba ya dawo min da takardata a liƙe yadda na ba shi, an naɗe ƙaton kifi da ita, an ɗaure da zare. Yana miƙo min yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce ta ce in ci, wai ko hancina zai tuna gida. Na cinye kifin, don ba shi ya yi min laifi ba, amma na rantse ina ci ina huci.

Ke kuma kina tsaye kina kallo! Wace irin 'yar'uwa ce ke? Kin iya buɗe akwatina ki ɗebi littattafai, amma takarda ɗaya ta gagare ki buɗewa?

Ga ta nan na sake haɗo miki, da man kifin da komai. Ki karanta, ki shiga ɗakin Kawu, ki ɗebi alkama a tafin hannu, ki nemi gajerun ƙwayoyi masu ƙiba ki murƙushe. In kin ga baƙi, ki kai wa Gwaggo har gaban murhu ki nuna mata. Kada ki ce daga wurina maganar ta fito, ki ce mafarki kika yi, ko ki ce tsuntsu ya gaya miki, ni ban damu ba.

Na zauna na yi tunanin dalilin da ya sa ba ku ji warin ba, sai dariya ta kama ni duk da haushin da nake ciki. Yaushe za ku ji? Gidan da labule kifi, matashin kai kifi, ruwan randa kifi. Ni kaina sai da na yi wata biyu a nan kafin na gane duniya ba haka take wari ba. A duk garin nan gidanmu kaɗai ne ciwon nan zai shiga ya miƙe ƙafa ba wanda ya ce masa daga ina.

Na roƙi shugaban aiki ya bar ni in zo, ya ce lokacin sauke kaya ne, in na fita ƙofa kada in dawo. Na gaya masa abin da na gaya masa, saura kaɗan in fita ɗin. Don haka ke ce ƙafata, ke ce bakina. Ki hanzarta. Ki ba Direba amsa a wannan zuwan, ko layi ɗaya ne.

Yayanki, ko kin ƙi ko kin so

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa kuma. Shiru? Kullum ina bakin ƙofar sito ina leƙen motar Direba kamar mai jiran amarya. An ce gada ta karye a hanyarku, an ce motarsa ce ta lalace, kowa da tasa. Sanyi ya shigo, na san kowa ya fara shuka. Jiya na ɗora buhu a kan ƙafar wani saboda hankalina na gona. Ƙi-Karɓa ta ce in na ci gaba da zagaye faranti haka zan haƙa mata rami a ɗaki.

Zan ba wani mai ɗaukar siminti wannan, ya ce yana bi ta kusa da ku. In an riga an shuka, ki gaya min gaskiya, kada ki ɓoye.

Yayanki

Zuwa ga Yaya Barkono,

Assalamu alaikum. Muna lafiya lau. Gwiwar Inna da sauƙi, bakinta kuwa ya fi da ƙarfi. Baba na gaishe ka.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, don motar Direba ta daɗe a gindin gada. Ka zauna kafin ka karanta layi na gaba. An shuka. Har an yi ban ruwa, har ta fara fitowa.

Yanzu ka ja numfashi ka ji sauran, kada ka yaga takardar.

Ranar da wasiƙarka ta farko ta zo, Inna ba ta ci abinci ba. Tana juya kifi a kan wayar banda tana magana ita kaɗai: "Wai wari. Ni ce mai wari. Zan nuna masa." Ana gobe shuka ta ce in jawo mata babban bahon da take jiƙa kifi. Ta wanke shi da toka, ta cika shi da ruwa, ta zuba gishiri irin yadda take yi wa kifi, mai kauri. Na ce, "Inna, me za ki yi?" Ta ce, "Wanka zan yi wa alkamar ɗan birni." Baba ya ce, "Ke, iri ne fa." Ta ce, "In ka ƙara magana kai ma ka shiga."

Haka muka dinga zuba ta ƙwarya-ƙwarya. Mai kyau ta nutse. Sai ga wasu ƙwayoyi sun taso sama suna yawo, da ƙaiƙayi da wani baƙin kumfa. Inna ta sa matsami tana kwashewa tana cewa, "Ga warin nan, ranka ya daɗe, ga shi mun cire maka." Na ce a ba kaji, ta ce kajinta ba sa cin abin da birni ya raina, ta watsa cikin wutar banda. Ruwan ya yi baƙi ta zubar a ramin bayan gida ta sake wani. Da ta ga gishiri zai kama jikin alkamar ta ɗauraye ta da ruwan rijiya har ya fita fes, muka baza a tabarmi ta bushe. Buhun ma ta ce tunda shi ake zargi a ƙone shi. Duk wannan tana zaginka, ba ta huta ba, har da abin da ka yi kana ɗan shekara biyar.

Abu ɗaya ne. Baba ba ya iya jira, ka san shi. Kafin wankan ya riga ya ɗebi kwano ɗaya ya shuka fangalin da ke can ƙarshe wajen bishiya. Na tarar da ragowar a aljihun rigarsa ta gona, na murƙushe kamar yadda ka ce. Baƙi ne, Yaya. Na kai wa Inna. Ta kalli yatsana, sannan ta ce in karanto mata takardarka. Da na zo wurin "ba buhunki ba ne" ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce in ƙara. Sai da ta ji shi sau uku.

To, malam mai littafi, wankan nan ya yi amfani ko mun kashe irin da gishiri?

Ƙanwarka, wadda ba ta taɓa jiƙa maka littafi ba,
Auta

Zuwa ga Gwaggo, ta hannun Auta,

Assalamu alaikum! Ina gaisuwa, ina ƙara gaisuwa, ina gaida gwiwa, ina gaida baho, ina gaida matsami!

Gwaggo, da na karanta "an shuka" sai da na zauna a ƙasa cikin fulawa. Da na kai ƙarshe na tashi da gudu na faɗa ɗakin Ƙi-Karɓa ba sallama, na karanta mata da ƙarfi. Matar da ba wanda ya taɓa ganin haƙorinta ta yi dariya har ta goge ido da mayafi. Ta ce mutanen da haka suke yi tun kafin a san maganin kanti: ƙwayar da ta cika da toka ba ta da nauyi, ruwan gishiri na ɗaga ta sama, wankin kuma na tafiya da yawancin baƙin garin da ya manne. Ta ce tunda kin ɗauraye kin shanya, iri bai mutu ba, ai ga shi ya fito. Ta tambaye ni a ina kika koya. Na ce ba koya kika yi ba, haushi ne. Ta ce a gaya miki Allah ya ƙara haushi.

Amma ta ce kada mu yi rawa tukuna. Wanka ba ya cire duka. Kuma da a ce ɗayan ciwon ne, wanda ke mayar da zangarniya gaba ɗaya baƙar ƙura iska ta kwashe, da ko teku kika zuba bai ji ba, don shi a cikin cikin ƙwaya yake kwana. Namu mai warin ne, na bayan fata, mun yi sa'a.

Auta, ga aikinki. In alkamar ta fitar da kai, ki bi fangali-fangali. Mai ciwon takan fi sauran gajarta, ta daɗe tana kore mai duhu, zangarniyar ta buɗe kamar gashin da ba a taje ba. Ki matsa ƙwaya ɗaya, in baƙi ne ki tumɓuke ki sa a buhu, kada ki kaɗa, ki kai wuta. Fangalin Kawu kuwa a yanke shi daban, kada ya kusanci injin sussuka. Kawu, ka yi haƙuri, amma kai ma da ka shiga bahon nan da ya fi.

Gwaggo, maganar amanar Kaka da na yi, bakina ne ya riga kaina. Ki yafe. Sai dai ki lura, da ban zage ki ba da ba ki yi wankan ba. Ba ina neman godiya ba ne, ina dai faɗa.

Ɗanki,
Barkono

Zuwa ga Barkono,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na daɗe ban rubuto ba don ina jiran in ga abin da gona za ta ce, ba na son in yabe ka a banza.

Mun girbe. Yaro, da ka ga gonar nan da ka yi kuka. Ja wur, kai ya sunkuya don nauyi, har masu wucewa na tsayawa. Auta ta bi ta kamar mai neman ɗan kunne, abin da ta tumɓuke a duk inda aka yi wanka bai cika hannu biyu ba. Fangalin Kawunka kuwa, kada ka so ka gani. Ko ni da kuka ce ba ni da hanci, da na murje zangarniya ɗaya na ji. Na ce, "Wannan ba kifina ba ne, nawa bai taɓa wari haka ba." Mun yanke mun ƙone. Kawunka ya tsaya yana kallon hayaƙin ya ce shi dama gwaji ya yi. Na ce sannu, likita.

Na sa an share injin sussuka kafin ya shigo mana. Na ware irin baɗi a sabon buhu, Auta ta sayo maganin da ka ce, za mu cuɗa in lokaci ya yi. Amma wankan ma sai na yi, don matan unguwa sun ji labari, yanzu kowa na zuwa aron bahona. Har suna tambaya dole ne a yi zagin. Na ce dole ne, kuma in ba su da ɗan da za su zaga ina ba da aron nawa.

Zancen wai da ba ka zage ni ba, na ji. Kai ka kawo bakin, ni na kawo hannun, irin uwata ya tsira. Na yafe. Kada ka ƙara.

Ga ƙulli nan wurin Direba, sabuwar alkama ce. Ka tara abokan naka, har da kyanwar. Ka ba baiwar Allahn nan mai mayar da kaya rabi, ka ce in ta isa ta mayar da wannan.

Gwaggonka

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Lafiyata ƙalau, tari ya tafi.

Na tara su kamar wancan karon, har sun fi yawa, don kowa na so ya ga ƙarshen Mai Alkamar Ruwa. Ƙi-Karɓa ta zo da farantinta. Na kwance ƙullin. Gwaggo, wari ya tashi. Kifi! Masu dako suka fara kallon juna. Ita kuwa ta baza alkamar, ta dinga matsa ƙwaya bayan ƙwaya. Fari. Fari. Fari tas kamar madara. Ta tura hannu can ƙasan ƙullin tana lalube, sai ta zaro shi ta wutsiya ta ɗaga sama: ƙaton bandan kifi, an binne shi a tsakiyar alkamar.

Wurin ya kaure. Wani ya faɗi a kan buhuna yana shure-shure. Ƙi-Karɓa ta ce a duk shekarunta na aiki wannan ne kaya na farko da ya zo da wari ta karɓa, kuma kifin nata ne, ladan dubawa. Na ce ba ta isa ba. Muka raba, ta ɗauki wajen kai.

Yanzu duk suna roƙon in samo musu irin. Na ce sai Gwaggo ta yarda, kuma ba ta buɗe takarda in ranta ya ɓaci.

Kin ga dai ban ce komai ba game da buhun kifi da buhun iri. Ko kalma ɗaya. Ina so a rubuta wannan a ajiye.

An ba ni hutu, ina zuwa da Direba in gada ta yarda. In kin banda wani kifin, ki ajiye min wajen wutsiya.

Ɗanki,
Barkono